So Ko Ƙi: Ƙaryar Da Aka Ɗura A Kwalbar Marmite

A teburin karin kumallo na gidaje masu ɗimbin yawa a Ingila akwai wata 'yar kwalba mai tumbi, mai murfi rawaya. Abin da ke cikinta baƙi-baƙi ne, mai danƙo kamar maɗi, ga ƙamshi mai hawa kai, ga gishiri kamar an yi ɓarinsa. Sunansa Marmite, kuma a kan gasasshen burodi ake shafa shi bayan an shafa bota. Tun shekarar 1996 ake tallata shi da magana guda, wai ko dai mutum ya so shi, ko ya ƙi shi. Maganar ta yi tasiri har sunan kwalbar ya shige harshen Ingilishi ya zauna daram. Yau idan Baturen Ingila ya ce wane Marmite ne, yana nufin mutumin da ya raba jama'a gida biyu, masu mutuwar sonsa da masu tsanarsa, babu na tsakiya.

Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai tsada. Mutane ba su kasu gida biyu a kan Marmite ba, haka kuma babu wanda aka haifa da sonsa ko ƙinsa. Ɗanɗano koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon harshe, a hannun uwa da makaranta da kasuwa. Ranar da mutum ya yarda cewa so da ƙi halitta ne, ranar ya daina tambayar wa ya koya masa, da me mai koyarwar ya samu, da kuma me shi ya rasa. Tarihin kwalbar da kansa ya isa ya rushe tallar da aka liƙa mata.

Daga gidan giya zuwa teburin yara

Garin Burton da ke bakin kogin Trent a tsakiyar Ingila ya yi suna wajen dafa giya a ƙarni na 19. Kowace dafuwa takan bar tarin yis, wato ƙwayoyin nan masu rai da ke sa ƙulli ya tashi, kuma masu giyar ba su da abin yi da mafi yawan ragowar. Masanin sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Justus von Liebig, shi ya nuna cewa ana iya tace wannan ragowa a kafe ta har ta zama abin ci. A shekarar 1902 aka kafa kamfanin Marmite a Burton, yana karɓar yis daga gidan giya na Bass. Sunan kuwa daga Faransanci aka aro shi, inda yake nufin tukunya mai murfi, irin wadda hotonta ke jikin kwalbar har gobe.

Yadda ake yin sa ba wani sihiri ba ne. A zuba wa yis gishiri a ɗumama shi, sai ƙwayoyin su mutu, sinadaran narkarwa da ke cikinsu su juyo su narkar da su. A tace a fitar da ɓawon, a dafe ruwan har ya yi kauri, a ƙara ruwan kayan lambu da kayan ƙamshi da bitamin. A cikin wannan narkewa ne furotin ke farfashewa ya saki wani sinadari mai suna gulutamet, wanda ke ba harshe ɗanɗanon romon nama alhali babu ko tsoka a ciki. Dangantakarsa da gidan giya ba ta yanke ba har yau. A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe mashaya aka rage dafa giya, yis ya yi ƙaranci, kamfanin ya sanar cewa kwalba mai giram 250 kaɗai zai iya samarwa na wani lokaci.

Abin lura a nan shi ne, babu wani Bature da ya wayi gari a 1902 yana marmarin shafa ragowar giya a burodinsa. Sai da aka koya masa. Bayan da masana suka gano bitamin a wajajen 1912, aka fahimci cewa yis na ɗauke da rukunin bitamin B, sai Marmite ya shiga guzurin sojojin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shiga asibitoci da makarantu. Uwaye suka riƙa shafa wa 'ya'yansu shi don lafiya, 'ya'yan suka girma suka shafa wa nasu don sabo. Hasali ma, kafin tallar so ko ƙi, kamfanin da bakinsa ya taɓa tallata shi a matsayin abin shafawar da yaro ke girma da shi. Ashe ya san ta inda son ke shiga.

Matar da ta je Bombay

Babban abin da Marmite ya yi wa duniya ba shi da alaƙa da so ko ƙi. A shekarar 1928 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills ta tafi birnin Bombay na Indiya, wanda yau ake kira Mumbai, don binciken wani mugun ƙarancin jini da ke kashe mata masu juna biyu, musamman talakawa ma'aikatan masaƙu. Jajayen ƙwayoyin jininsu sukan kumbura su kuma yi ƙaranci, sinadarin ayon da aka saba bayarwa kuma bai magance matsalar ba. Ta yi zargin cewa akwai wani abu da abincinsu ya rasa. Ta gwada a kan ɓeraye da birai, ta ga yis na warkar da su, sannan ta ba matan Marmite saboda arha ne kuma ana samunsa. Jininsu ya farfaɗo. A 1931 ta wallafa sakamakon.

Ba ta san sunan sinadarin da ya yi aikin ba, saboda haka aka riƙa kiransa da sunanta. Sai a 1941 wasu masana a Amurka suka tace shi daga ganyen alayyaho suka raɗa masa suna folik asid. Bayan shekara 50, a 1991, wani babban bincike na Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ya tabbatar cewa shan sa kafin ɗaukar ciki da farkonsa yana rage haɗarin haihuwar jariri da naƙasar laka da ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin 100 ga matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri. 'Yar ƙwayar maganin da ake miƙa wa mace a wajen awon ciki a Kano ko Maraɗi, asalin labarinta yana komawa ga waccan kwalba da waɗancan masaƙu.

Babu wanda ya tambayi matan Bombay ko suna cikin masu so ko masu ƙi. Tambayar da ta ceci rayuka ita ce, mene ne a ciki, kuma me yake yi wa jiki? Ita ce kuma tambayar da tallar 1996 ta zo ta binne.

Tallar da ta zama aƙida

Kamfanin talla na BMP DDB da ke Landan a lokacin shi ya ƙirƙiro taken so ko ƙi, kuma ta fuskar kasuwanci dole a sara masa. Ya ɗauki babban raunin hajar, wato cewa wasu na yamutsa fuska idan sun ɗanɗana, ya mayar da shi jari. Mai so ya ji shi ɗan wata ƙungiya ce ta musamman. Mai ƙi kuma ya zama ɗan talla na kyauta, domin duk sanda ya tsine wa kwalbar, sunanta ya ambata. Waɗanda aka yi wa ƙwace su ne na tsakiya, masu ci idan sun gani, su manta idan ba su gani ba. An shafe su daga labarin saboda ba sa sayar da jarida.

Alhali kuwa suna nan da yawansu. A 2011 kamfanin jin ra'ayin jama'a na YouGov ya tambayi mutanen Birtaniya, sai kashi 33 cikin 100 suka ce suna sonsa, kashi 33 suka ce sun tsane shi, kashi 27 kuma suka ce ba su tare da kowane ɓangare. Fiye da mutum ɗaya cikin huɗu ke nan, a ƙasar da aka shafe shekara 15 ana nanata mata cewa tsakiya ba ta wanzu.

A 2017 aka kai rainin hankalin wani mataki. Masu Marmite suka ɗauki nauyin wani bincike da kamfanin DNAFit ya gudanar a kan mutum kimanin 260, aka fito aka ce an gano alamomi 15 a ƙwayoyin gado da ke nuna ko mutum mai so ne ko mai ƙi. Aka kuma sa kayan gwajin yawu a kasuwa, don mutum ya biya kuɗi a gaya masa ko yana son abin da zai iya lasa da yatsa ya sani nan take. Masana da dama suka soki aikin, da hujja mai ƙarfi. Binciken da ke neman alaƙa tsakanin ɗabi'a da ƙwayoyin gado yakan buƙaci dubban mutane, wani lokaci dubban ɗaruruwa, domin idan aka lalube miliyoyin alamomi a jikin mutum 260, dole a ci karo da wasu da suka yi daidai bisa katari kawai. Mai haja ya biya, an samo amsar da ta dace da tallarsa.

Jini ɗaya, karin kumallo daban

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana kan taswira. Yawancin Turawan Ostareliya da Niyu Zilan jikokin mutanen tsibiran Birtaniya ne, haka ma wani kaso mai yawa na Amurkawa. Da a jini abin yake, da an ga rabuwa iri ɗaya a dukkan waɗannan ƙasashe. Abin da ake gani daban ne. Ɗan Ostareliya na ji da Vegemite, yana yi wa Marmite kallon jabu. Ɗan Niyu Zilan yana da nasa Marmite da kamfanin Sanitarium ke yi tun 1919, mai ɗan zaƙi saboda an ƙara masa sukari, kuma da girgizar ƙasar Christchurch ta 2011 ta tilasta rufe masana'antar, ƙasar ta shafe kusan shekara guda tana kukan rashinsa, ba ta kuma yarda na Ingila ya maye gurbinsa ba. Ba'amurke kuwa galibi dukkansu yake ƙi. A 2011, lokacin da Firaministar Ostareliya Julia Gillard ta ziyarci wata makaranta a Amurka tare da Shugaba Barack Obama, a gaban ɗalibai ya ce Vegemite ba shi da daɗi ko kaɗan.

Labarin Vegemite ɗin ma darasi ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse jigilar Marmite zuwa Ostareliya, sai ɗan kasuwa Fred Walker ya sa masanin sinadarai Cyril Callister ya haɗa masa irinsa a birnin Melbon, aka fito da shi kasuwa a 1923. Mutane suka ƙi saye. A 1928 aka sauya masa suna zuwa Parwill, nan ma shiru. A 1935 aka mayar da tsohon sunan, aka shiga raba shi kyauta ga duk wanda ya sayi cukuin kamfanin. A 1939 Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da shi a matsayin hanyar samun bitamin B, a Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga guzurin sojoji, a 1954 kuma aka saki wata waƙar talla ta yara a rediyo. Al'ummar da ta juya masa baya a 1923 ita ce yau take ɗaukarsa tamkar tutar ƙasa. Ƙwayoyin gadon mutanen Ostareliya ba su sauya a cikin shekara 30 ba. Abin da aka sa a bakin 'ya'yansu ne ya sauya.

Binciken masana ya tafi a kan wannan turba. Leann Birch, masaniyar ɗabi'ar cin abincin yara a Amurka, ta nuna cewa yaro kan ƙi sabon abinci da farko, amma idan aka ci gaba da gabatar masa da shi ba tare da tilas ba, sau goma ko fiye, yakan karɓa. Julie Mennella da abokan aikinta sun wallafa a 2001 cewa jariran da uwayensu suka riƙa shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki ko lokacin shayarwa sun fi saurin karɓar kunu mai ɗanɗanon karas, domin ƙamshin abinci na ratsawa cikin ruwan mahaifa da nono. Paul Rozin kuma ya bibiyi yadda yaran Meksiko ke tashi daga gudun barkono zuwa neman sa, alhali zafin da harshensu ke ji bai gushe ba.

Gaskiya ne gado yana da ɗan rabonsa. Tun 1931 wani masanin sinadarai mai suna Arthur Fox ya lura cewa wani garin sinadari da abokin aikinsa ya ji yana da ɗaci, shi bai ji komai ba, kuma daga baya aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa bambancin. Wasu sun fi wasu jin ɗaci, wannan babu musu. To amma jin ɗaci daban, ƙin sa daban. Goro da ɗaci yake, haka gauta da shuwaka da gahawa, kuma babu jaririn da ke maraba da ɗayansu. Dattijon da ba ya iya wuni bai ɓantari goro ba, wata rana yaro ne da ya tofar da shi.

Akwai ma batun iyawa. Baƙon da aka miƙa wa Marmite yakan ɗauka cakulan ne, ya cika cokali ya danna, ya zabura ya ce guba ce. Ɗan gida kuwa ɗan kaɗan yake lakatowa da bakin wuƙa, ya shafe shi siriri a kan bota. Wanda ya gatsi dunƙulen daddawa ɗanye ya yanke wa miyar kuka hukunci bai san miyar kuka ba, kuma hukuncinsa ba shaida ba ce a kan halittarsa.

Abin da hayaniya ke rufewa

Yayin da ake ta cacar baki a kan daɗi, lambobin da ke bayan kwalbar suna nan babu mai karantawa. A kowane giram 100 na Marmite akwai gishiri kusan giram 11. Shafi ɗaya na giram 8, wanda shi ne ma'aunin da kamfanin ya sa, yana ɗauke da giram 0.86. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a rana, ke nan shafi ɗaya ya ci kusan kashi ɗaya cikin shida, kafin a lissafa gishirin burodin da na botar. A ɗaya hannun kuma, wannan shafi na ba da kaso mai tsoka na bitamin B12 da ake ƙara masa, wanda masu ƙaurace wa nama da madara ke wahalar samu. Ga amfani ga illa, kowanne da ma'auninsa, kuma amsar ta danganta da ko mai cin yana fama da hawan jini ko da ƙarancin jini. Wannan muhawara ce da ake iya yi da hujja a kai ga matsaya. Taken so ko ƙi ba shi da gurbinta.

A 2011 jaridun Ingila suka yi ca a kan ƙasar Danmak, wai ta haramta Marmite. Gaskiyar maganar ita ce, tun 2004 Danmak na da doka cewa duk abincin da aka ƙara wa bitamin sai an nemi izini kafin a sayar, kuma ba a nema wa Marmite ba. Tambaya ce mai ma'ana ga kowace hukuma, ko ya dace a bar kamfanoni su riƙa zuba bitamin a abinci yadda suka ga dama. Sai aka mayar da ita labarin baƙi maƙiya sun taɓa mana abin ƙauna. Daga baya aka nemi izinin, aka bayar a 2014, babu wanda ya buga ganga.

A Ostareliya abin ya fi muni. Vegemite ya sami shaidar halal a 2010, sai wasu masu ƙyamar Musulunci suka tayar da gangamin ƙaurace masa, suna zargin cewa kuɗin shaidar na tafiya ga 'yan ta'adda. Maganar ta kai ga binciken Majalisar Dattawa a 2015, inda hukumomin bin diddigin kuɗi suka shaida cewa ba su ga wata alaƙa kai tsaye ba. Abin da ke cikin kwalbar bai sauya ba. An dai riga an horar da mutane su ɗauke ta a matsayin alamar su wane ne mu, saboda haka ƙaramin tambari a jikinta ya zama kamar an ci iyaka.

Babbar ɓarnar kuwa a siyasa take. Jaridun Birtaniya sun laƙaba wa Margaret Thatcher sunan Marmite, sun laƙaba wa Boris Johnson da Jeremy Corbyn da Nigel Farage. Da jin haka sai mai karatu ya ɗauka adalci aka yi, tunda an ambaci masoya an ambaci maƙiya. Alhali gudun hukunci ne. Yadda Thatcher ta tunkari yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, da abin da ya sami garuruwansu bayan rufe mahaƙan, batu ne da ke da alƙaluma da shaidu, ana iya kare shi ko a soke shi da dalili. An ci Johnson tara a 2022 saboda karya dokar kullen korona da gwamnatinsa ta kafa, kuma a 2023 kwamitin majalisa ya same shi da yaudarar majalisar da gangan. Waɗannan abubuwa sun faru ko ba su faru ba. Wanda ya ce ai shi Marmite ne, ya ɗauke maganar daga kotun hankali ya kai ta kan harshe, inda babu mai gaskiya babu mai laifi, kowa da abin da ya yi masa daɗi.

Kalwa da dunƙule

Bahaushe bai saba da Marmite ba, amma ya san ɗanɗanonsa tun kaka da kakanni. A 1908 masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano cewa gulutamet ne ke ba romon ciyawar teku armashi, ya kira wannan ɗanɗano umami, kuma daga aikinsa aka fara yin farin magi na Ajinomoto a 1909. Shi dai wannan sinadari shi ne a cikin Marmite, shi ne kuma a cikin daddawa. Idan mata suka dafe kalwa, suka surfe ta, suka rufe ta kwana biyu ko uku, wata bakteriya ce ke farfasa furotin ɗinta ta saki gulutamet, tare da warin nan da ke cika unguwa. Bayarabe na kiranta iru, a Mali da Burkina Faso sumbala, a Sanagal netetu. Ban da armashi, tana zuba wa miyar talaka furotin, kuma sana'a ce da ke riƙe da mata masu yawa a karkara.

Yau a gidajen 'yan boko da dama, yaro kan toshe hanci idan ya ji ta, uwa ta ce ai shi haka Allah ya yi shi, ba ya son daddawa. Wannan ita ce tallar so ko ƙi cikin riga da hula. Yaron bai taɓa samun damar so ba, domin tun yana ciki dunƙule yake ji. Dunƙulen kuwa bai shigo tukunya don wata ƙwayar gado ba. An shafe shekaru ana tallarsa a rediyo da talabijin, ana shirya gasar girki, ana rarraba shi ɗaiɗai a kowane teburin mai koli yadda mai naira kaɗan zai iya saye. Hanyar da Fred Walker ya bi a Melbon ita aka bi. Wani lokaci ma hannun ɗaya ne, domin cinikin da Unilever ya yi na sayen kamfanin Bestfoods a shekarar 2000 shi ya kawo masa Marmite da Knorr a rana guda.

Dunƙule ba guba ba ne. Tsoron gulutamet da ya samo asali daga wata wasiƙa da aka buga a wata mujallar likitoci ta Amurka a 1968, gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da shi ba. Yana da sauƙi, yana da arha, wasu nau'o'insa ma an ƙara musu ayodin da ayon. Sai dai kusan rabin nauyinsa gishiri ne, kuma mai jefa uku ko huɗu a tukunya ta ƙara da gishiri ba ta lissafi, a ƙasar da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka zama ruwan dare. Ita ma daddawa tana da nata aibin, domin wadda aka shanya a fili ƙura da ƙuda na sauka ba abin alfahari ba ce. Amma wannan matsalar tsafta ce da sarrafawa, kuma tana da magani.

Japan ta nuna hakan. Suna da natto, waken suya da bakteriya iri ɗaya da ta daddawa ke ruɓarwa, mai yauƙi da wari, wanda baƙi ke gudu. A cikin ƙasar ma an fi cin sa a gabas fiye da yamma, wata shaida ke nan cewa sabo ne. Ba su jefar da shi don kunyar baƙo ba. Sun tsabtace yadda ake yin sa, sun zuba shi a ƙananan mazubai, suna ba yara a gida da makaranta. Ingila ta yi haka da ragowar gidan giya, abin da ba shi da ko shekara 130 a duniya, ta sa masa kwalba da suna, ta koya wa 'ya'yanta, har suna jin an taɓa ƙasa idan an taɓa shi. Kalwa ta girme shi da ƙarnuka, ta kuma fi shi dacewa da tukunyar da take shiga.

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Kowa da turkensa, kuma babu laifi mutum ya ce wannan ya yi mini, wancan bai yi ba. Laifin yana wajen ɗaukar turken a matsayin ƙafa, har mutum ya manta cewa wani ne ya kafa shi, kuma ana iya tumɓuke shi a sake wuri. Likita ko malami ko ma'aikacin banki da ba zai yarda da rahoto a ofis ba sai ya ga alƙaluma, bai kamata ya koma gida ya karɓi hukuncin ɗan shekara huɗu a kan miya a matsayin ƙaddara ba. Ya juya kwalba ko fakiti ya karanta gishirin da ke ciki, ya tambayi wa ya ci riba da wannan sabo, kuma ya sa a sake ɗiga wa yaron daddawa a miya gobe da jibi, kaɗan-kaɗan, har sau goma, kafin a ce ba ya so.